Mutanen da Suka Ɓace Daga Hagun Allo

Ƙanena Kamilu ya rasu a gidanmu na Wudil a farkon kakar bara, bayan jinyar da mu muka ƙirga wata huɗu. Likitar da ta duba shi ta ce ciwon ya girmi ƙirgenmu nesa ba kusa ba. Na sa rasuwar a jimlar farko ne saboda haka aka koya mana a ɗakin labarai: abin da ya fi nauyi shi ke gaba, bayani ya biyo baya. Na daɗe ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano, aikina ke nan in faɗa wa mutane abin da ba su gani ba. Wannan karon abin da muka gani ne zan faɗa, wanda muka yi wata da watanni muna kallo a jingine da bango, har muna yaba shi. Allah ya jiƙan Kamilu. Wanda ya karanta kuma ya duba nasa gidan.

Kamilu malamin zane ne a wata sakandare. Da yamma shi ke rubuta allunan shagunan bakin titi da bayan manyan motoci, da haka yake cike giɓin albashi. Matarsa Rahina, 'yarsu ɗaya. Mutum ne mai tsokana, wanda ba ya iya ganin abu a karkace bai tanka ba.

Shekara guda kafin rasuwarsa ya ɗauko wani aiki da ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai biya shi. Ya sa kafinta ya yanka masa alluna goma sha biyu na katako, girma ɗaya. Kowane wata zai ɗauki ɗaya ya je bakin kogi, ya zauna a kan wani dutse ƙasa da gada, ya zana abin da ke gabansa. Wurin zama ba ya canzawa. Gada ta hannun dama, wani tsohon gawo a tsakiya, ta hagu kuma inda ake ɗaure kwale-kwale, nan ne masunta da masu wanki da masu ɗiban yashi suke. Ya ce gawo ba ya bin sauran itatuwa, da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Idan aka jera allunan a ƙarshen shekara za a ga ruwa na sauka gawo na cika, ruwa na hawa gawo na tsiraicewa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya zane daga hoton waya, ba ya zane daga ka. Abin da ido ya gani ranar, shi ke nan. Burinsa ya kai na goma sha biyu, kuma har ya kwanta ciwo wannan ne abin da ya fi yawan ambato bayan 'yarsa.

Huɗun farko cike suke da mutane ta hagu. Ba su da fuska, daga nesa suke, amma duk ɗan unguwa yana iya nuna wane ne wane daga tsayuwarsa.

Ranar sunan 'yarsa Baffa Sale ya zo daga Dagumawa. Ƙanin mahaifinmu ne, shi ne uba a wurinmu tun rasuwar tsohon. Ya ga allunan a zaure, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira Kamilu gefe, ina jin su.

"Kogi da gada da itace babu laifi," in ji Baffa. "Amma waɗannan masu rai fa? Ka san ranar gobe za a ce wa mai zane ya busa musu rai."

Kamilu ya sunkuyar da kai. "To, Baffa."

Irin "to" ɗin da ake ce wa manya ce. Na san ba zai daina ba, shi ma Baffa ina jin ya sani.

Sai ga allo na biyar, mutanen hagu sun ragu. A na shida ba kowa, sai kwale-kwale a ɗaure. Labari ya kai Dagumawa. Baffa ya hau babur ya zo da kansa ya gani, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗan halak ke nan, sau ɗaya ake faɗa masa." Inna, mahaifiyarmu, ta yini tana sa masa albarka. Ni da na zo hutun ƙarshen mako na tambaye shi ko da gaske ya bi maganar Baffa.

"Wace magana? Yaya, ruwa ya janye, mutanen sun koma gaba. Abin da na gani na zana."

Na ɗauka ba ya son a ce an tanƙwara shi ne. Da zan koma Kano na bi ta kan gada, na ga wurin kwale-kwalen cike da jama'a kamar kullum. Na yi murmushi na wuce. Bayani ya riga ya zauna mana, kuma bayani ne mai daɗin ji: yaro ya ji nasiha. Wanda ya sami bayani mai daɗi ba ya neman wani.

A daidai lokacin ne ciwon kai ya fara. Da safe yake tashi da shi, wani lokaci har da amai, zuwa hantsi ya lafa. Mai kemis ya ce maleriya ce da taifot, ya yi masa allurai. Ya ɗan ji sauƙi, ciwon ya dawo, aka ce taifot ɗin ne bai fita ba, aka sake allurai har da ƙarin ruwa. Zafin bazara ma ya sha zargi, da ƙamshin fenti, da rashin barcin mai jariri a gida.

Sauran alamun ba a ɗauke su ciwo ba, an ɗauke su hali. Kafaɗarsa ta hagu ta riƙa bugun ƙofa. Ya goge wa wata mai sayar da kifi tire da babur, ya rantse bai gan ta ba, aka ce ganganci ne. Rahina ta tare ni a tsakar gida tana jin kunyar faɗa.

"Yaya, ko girkina ne ya canza? Rabin tuwo yake ci, ya bar rabi a kwanon, kuma ya ce ya ƙare a ƙara masa."

Na ce mata tsokanar Kamilu ce, ta rabu da shi.

Wanda ya fi yin ƙura shi ne ranar da Baffa ke zaune a zaure ta hagun mai shiga, Kamilu ya shigo ya wuce shi ko kallo babu. Baffa bai yi faɗa ba, ya dai tashi ya tafi ba tare da ya ci abinci ba. Ya aiko wa Inna cewa wanda jiya ya ji nasiha yau ya fi ƙarfin gaisuwa. Kamilu ya je har Dagumawa ya ba da haƙuri a kan laifin da ya ce bai san ya yi ba.

A allo na bakwai kwale-kwalen ma sun tafi. A na takwas gaɓar hagu ta zama wani shafe kawai, alhali gada da gawo suna nan daram, an zana su da kyau fiye da da. Wani abokin aikinsa ya zo ya gani ya ce salon zamani ne, ana barin fili don ido ya huta. Muka ƙara samun bayani.

Yana kan na tara, ruwan farko ya sauka, ya faɗi a kan dutsen yana jijjiga. Masunta ne suka ɗauko shi, ƙarƙashin jagorancin wani dattijo, Malam Tanko. Da aka kira ni na iso, Malam Tanko yana ƙofar gida bai tafi ba. Ya ce mini, "Wata nawa muna gaishe shi ba ya amsawa. Mun ɗauka aikin ne ya ɗauke masa hankali. Ka san da can shi ke fara tsokanarmu."

Daga nan muka fara ƙirga jinya.

Makonni biyun farko na 'yan uwa ne. Kowa ya zo da abin da ya sani. Mutum yana zama shi kaɗai a bakin kogi da sassafe yana ƙura wa ruwa ido, ai mutanen ruwa ne suka taɓa shi. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka shafa man habbatus sauda, aka kawo rubutu daga Achika. Aka hana shi zuwa kogi. Ban raina addu'a ba, ita ce ta riƙe mu har ƙarshe. Ƙorafina a kan kalma ɗaya ce da ta riƙa biyo bayanta: "A bari a gani tukuna." Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Mu ne muka jera su, muka ce sai ɗaya ta gama sannan ɗaya.

Da ya ɗan warware ya lallaɓa Rahina ta bar shi ya je ya yi na goma, Malam Tanko na zaune kusa da shi yana gadi. Ya dawo da allon rabinsa ko fenti bai taɓa ba, katako ne tsirara. Ya jingine shi yana cewa wannan ya fi duka kyau. Kwana kaɗan ya sake jijjiga a ɗaki, kuma hannun hagu ya fara sakin kofi.

Asibitin garinmu muka fara zuwa. Mun kama layin kati bayan sallar asuba, likita bai gan mu ba sai bayan azahar, shi kaɗai ne a kan mutanen da suka cika baranda. Matashi ne, a gajiye yake, amma da ya ji ciwon kan safe da amai da jijjiga bai ɓata lokaci ba. Ya rubuta maganin jijjiga, ya ce wannan ba nasu ba ne, mu tafi Kano a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ina yi masa addu'a har yau, shi ne mutum na farko da bai ce taifot ba.

A babban asibitin da aka tura mu na'urar hoton ta lalace. Aka nuna mana wani wuri na kuɗi. Babur ɗin Kamilu ne ya tafi a kan hoton nan. Da muka dawo da shi aka ba mu ranar ganin likita nan da mako uku. Ina roƙon mai rubuta ranar, wata ma'aikaciyar jinya ta juyo ta ce, "Wannan muryar ba ita ke karanta mana labaran rana ba?" Washegari aka shigar da mu. Na gode mata, har yanzu ina gode mata. Na kuma ga wani tsoho da ya zo da ɗansa daga nesa an bar su a benci, domin muryarsa ba ta fita a rediyo.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga hoton ta duba, ta ajiye. Ta miƙa wa Kamilu takarda da biro ta ce ya zana mata agogo. Ya yi dariya ya ce yau an zo gidansa. Ya ja da'ira mai kyau da hannu ɗaya, irin wadda ni ko da marfin kwano ba zan iya ba. Sannan ya rubuta lambobin, duka goma sha biyun, a cunkushe a ɓangaren dama. Hagun agogon fari fat. Ya miƙa mata yana jiran yabo.

A nan ne na ciro wayata. Ina da hotunan allunan, Rahina ce ke turo mini duk wata. Na nuna mata su a jere daga na ɗaya. Ta riƙa turawa da yatsa a hankali, ta kai na goma, ta koma baya, ta tsaya a na biyar.

"Idonsa lafiya lau," in ji ta. "Ƙari ne a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Ba wai ba ya ganin hagu ba ne kawai. Ya manta akwai hagu."

Da aka fita da shi na tsaya na yi mata tambaya irin ta aikina, wadda ba ta da hanyar zillewa. Na ce da mun zo a allo na biyar fa?

Ta ce, "Ba zan ce da ya warke ba. Amma da wuƙar tiyata ta kai inda yanzu ba za ta kai ba."

Shi kuwa Kamilu a mota cewa ya yi likitar ta cika saka ido, agogonsa ba abin da ya same shi. Wannan ma, an gaya mana, cikin ciwon ne. Mai shi ba ya sanin ya rasa komai.

An kwantar da shi mako uku a ɗakin maza. Ni da wani ɗan Baffa muka riƙa karɓa-karɓa, Rahina na zuwa da rana da jaririya a baya. Maganin rage kumburi ya yi aiki, ciwon kai ya tsaya, fuskarsa ta cika, cin abinci ya buɗe. 'Yan dubiya suka riƙa cewa ai ya ma yi ƙiba. Likitoci suka zauna a kansa suka ce aiki ba zai yiwu ba, ƙarin ya yi nisa ciki, sai dai gashi da na'ura ko zai rage masa gudu. Baffa ya kora bijimansa biyu na huɗa zuwa kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a, a tsakiyar damina, ya kawo kuɗin a leda ya ajiye mini. Aka sa sunanmu a layin gashi. Layin bai iso kanmu ba har Kamilu ya rasu. Kuɗin a magani da mota ya ƙare.

Aka sallame mu gida mu jira. A gida ne muka koyi jinyar, kuma Rahina ce malamar. Ita ta gano cewa idan ya cinye rabin tuwo ya ce ya ƙare, ba sai an yi gardama ba, juya kwanon kawai za a yi, sai ya ce madalla an ƙara. Muka juya gadon ƙofa ta koma damansa. Mai son magana da shi ya zauna ta dama. Jaririya a hannun dama ake ɗora masa. Hannun hagu kuwa wani lokaci sai ya ɗago shi da ɗayan ya ce, "Na wa ne wannan aka ajiye min a gado?" Mu wanke shi, mu shafa masa mai, mu juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Inna ma ta gano nata. Idan kuka ya zo mata ba ta fita daga ɗakin, sai ta zagaya ta zauna ta hagunsa, ta yi abinta har ta gama, tana riƙe da hannun da bai san nasa ba ne.

Wata na ƙarewa ya tayar da maganar na goma sha ɗaya. Inna ta ce a'a. Baffa ya ce a bar shi. Muka sa shi a adaidaita sahu har inda hanya ta ƙare, daga nan Malam Tanko da mutanensa suka ɗauke shi a kujera suka bi taɓo da shi zuwa dutsen. Suka koma wurin kwale-kwalensu suka tsaya, kowa ya gyara tsayuwa kamar za a ɗauki hoton biki. Ya zana gada, ya zana rabin gawo. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Ba kowa. Ko Malam Tanko ya daina zuwa." Malam Tanko na tsaye inda zai ji. Ya cire hularsa ya sake sawa.

Bayan wannan ƙafar hagu ta tafi, zama ma sai da matasai. Kogi ya cika ya shanye hanyar dutsen. Allo na ƙarshe na jingine a ɗakin, fari, kullum sai ya sa a matso masa da shi. Na ce in ɗauko masa hoto a waya. Ya ce waya haɗiye komai take yi, ba ta kallo. Na tuna masa ƙa'idarsa, abin da ido ya gani.

"To kai ba ka da ido ne?" in ji shi. "Ka je ka kalla min."

Na ɗauki hutu a wurin aiki. Da safe na je, Malam Tanko ya kai ni kan dutsen a kwale-kwale. Na dawo na zauna ta dama na ba da rahoto. Na ce ruwa ya ƙaru sosai, masunta da dama sun fito, ana ci gaba da harkoki kamar yadda aka saba.

Ya rufe ido. "Ƙarshen labaran ke nan?"

Na ce eh.

"Yaya, 'da dama' ba ta zanuwa. Wa ke tsaye, wa ke tsugune? Ruwan wane launi?"

"Ja."

"Jan me? Jan barkono ko jan tukunya?"

Na ce ban lura ba.

"Koma gobe. Ka bar rediyon a gida."

Na yi ta komawa. Ban taɓa sanin kallo aiki ne ba sai a makon nan. A Wudil aka haife ni, amma ban san ruwa yana da launi uku a lokaci ɗaya ba. Na dawo na ce masa tsakiyar kogin kamar shayi ne da aka ɗiga wa madara, gefe ya fi duhu, inda ya bugi ƙafar gada kuma kumfa ce mai datti, kuma ya rufe baƙin tabon da ke jikin ƙafar. Gawo ya kaɗe, sai wani reshe na ƙasa da ya fara toho. Masu yashi ba sa nan, ruwa ya kore su. Mai wanki ɗaya ya shanya jan bargo a kan ciyawa. Malam Tanko na tsaye a kwale-kwale, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe har gwiwa, ɗayar a sake ta jiƙe.

"Wace ƙafar ce a naɗe?"

"Ta dama."

"Yau ka fara aiki," in ji shi. "Duk shekarun nan albashin banza ake ba ka."

Muka tokare allon a kan cinyarsa, Rahina na haɗa fenti a murafan gwangwani yadda ya ce. Kaɗan-kaɗan yake yi, ya gaji ya yi barci da burushi a hannu. Hannun dama ya fara rawa, amma gadar ta fito, ruwan ya fito, rabin gawo ya fito. Wata safiya ya ajiye burushi ya ce alhamdu lillahi, an gama, goma sha biyu.

Na ce saura hagu.

Ransa ya ɓaci. "Wane hagu? Kai ma ka zama likitar nan?"

Rahina ta matso. Ta miƙa wa Inna yarinyar, ta kama allon da hannu biyu, ta juya shi kamar yadda take juya kwanon tuwo. Gada ta koma ƙasa ta hagu, ta ɓace masa. Farin katako ya dawo damansa.

Ya daɗe yana kallo. "Wa ya bar wannan fili haka?"

Na ga lokacin da abin ya isa gare shi. Abin da likita ta kasa gamsar da shi, allonsa ya gamsar da shi.

"Ashe haka na yi wa sauran?"

"Tun daga na biyar," na ce.

"Kuka yi shiru?"

"Mun ɗauka maganar Baffa ka ji."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin gefen fuskarsa. "Ni? Yaushe na taɓa jin maganar Baffa?" Da ya sami numfashi ya ce a bar allon a haka. Wanda ya saba rubuta bayan mota yana kwance a ƙasa ba zai kasa zana mutum a kife ba. Ya ce in sake faɗa masa su ɗaya bayan ɗaya, in fara da mai bargo.

Yana cikin yi Baffa ya yi sallama. Ya riga ya koya, sai ya zagaya ya zauna ta dama. Kamilu ya ajiye burushi ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa, ya tambayi yadda aka yi huɗa ba shanu. Baffa ya ce an yi. Sannan idonsa ya sauka a kan allon, mutane uku rataye da kawunansu ƙasa, ruwa a samansu.

"Me yake yi?" ya tambaye ni a hankali.

"Mutanen hagu yake mayarwa, Baffa."

Baffa ya sake duban allon. "Fahimtata tana nan yadda take," in ji shi. "Amma ni ne na ce alhamdu lillahi a kan ciwo." Marfin baƙin fenti na neman zamewa daga kan katifa. Ya tare shi, ya riƙe a tafin hannunsa inda burushin zai kai. Haka ya zauna har aka kira azahar.

Kamilu ya gama Malam Tanko a ƙarshe. Bayan nan bai sake neman burushi ba. Barci ya yi yawa, magana ta ragu, haɗiya ta yi wuya. Muka koma ba shi kunu da cokali, daga baya sai jiƙa leɓe. Ya cika da hantsi, ana jin masu yankan gero suna wucewa ta bayan gida, Inna ta damansa.

Ga abin da nake so a ɗauka. Ciwon kan da ke tashin mutum da safe har da amai, ya tafi ya dawo, ba na kemis ba ne. Babba da bai taɓa jijjiga ba ya yi ta sau ɗaya, a ranar za a nemi likita, a yi addu'ar a mota. Wanda ya fara bugun ƙofa ta gefe ɗaya, ko barin rabin abinci, ko wuce mutane ba gaisuwa alhali ba halinsa ba ne, a duba lafiyarsa kafin a yanke masa hukunci. Haka nan wanda ya canza farat ɗaya zuwa abin da muka daɗe muna so ya zama. Wannan ya fi wuyar ganewa, domin ba mai kai ɗan da ya shiryu asibiti.

Muna godiya ga likitocin nan biyu, da ma'aikatan ɗakin maza da suka yi haƙuri da tsokanarsa, da malaman makarantarsu, da masunta. Wanda muka ɓata wa rai a ruɗewar jinya ya yafe mana.

A kwanakin zaman makoki allunan na jere a zaure ta ciki, inda Rahina ta ce a sa su. Na goma sha biyun yana yadda ya bar shi, a kife, ba wanda ya iya kai hannu ya juya. Malam Tanko ya zo gaisuwa da mutanensa. Bayan addu'a ya nemi izinin gani. Ya bi su daga na ɗaya, yana nuna wa na bayansa wane da wane, har inda suka fara ɓacewa, daga nan ya bi sauran da ido. A gaban na ƙarshe ya tsuguna, ya karkatar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Wannan ni ne," in ji shi. "Ga ƙafar wandona." Ya ɗago ya dube ni. "Ashe daga baya ya gan mu."

Na buɗe baki zan yi masa bayani, yadda na saba, wa ya gani, wa ya faɗa, wa ya zana. Baffa ya taɓa gwiwata.

"Ya gan ku," in ji Baffa. Sannan ya tashi ya juya allon, mutanen suka tsaya da ƙafafunsu.